Sunan da Aka Raɗa a Mallawindi

Bana ciyawa ta bushe a Birmingham. Daga tagar ɗakina a Erdington ina hango filin da ake buga ƙwallo, ya koma ruwan ƙasa, babu kore ko na magani. An yi makonni ba a samu ruwan kirki ba. Maƙwabcina, wani tsohon Bature, kullum yana tsaye a kan furanninsa yana mita, wai bai taɓa ganin fari irin wannan ba. Takaba nake yi, ba hira ce a gabana ba. Amma a raina na ce, bawan Allah, ba ka ga fari ba. Ni na gan shi. Ba a Katsina ba inda aka haife ni. A Ostireliya na gan shi, a wani ɗan ƙauye da ake kira Mallawindi, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce.

Ina da ɗa a can, a ƙarƙashin jar ƙasa, kuma duk shekarun nan ban san sunansa ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya sani, mijina, shi kuma wata uku ke nan da rasuwarsa. Ya dawo daga masallaci, ya zauna zai cire takalmi, ya faɗi, bai sake magana ba. Likita nake kiransa tun aurenmu, haka zan kira shi a nan.

Ina da shekara ashirin muka tafi. A aji uku na sakandare na tsaya, Turancina na gaisuwa ne kawai. Shi ya samu aiki, aka ce masa likitan da ya zo daga waje sai ya fara yin wasu shekaru a karkara kafin a bar shi ya shiga birni. Daga inda jirgi ya sauke mu mun yi wuni guda a mota. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ba tudu, ba mutum. Da la'asar muka hango wasu dogayen rumbunan siminti na alkama a gefen layin dogo, direba ya ce mun iso.

Titi ɗaya ne garin. Wadda ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa ita ce Joan, mai kantin garin. Ita ce kuma gidan waya, don a bayan kantarta ake ajiye wasiƙun kowa. Mijinta Len manomi ne, alkama da tumaki. Ta haife ni a shekaru. Washegari ta kama hannuna ta ja ni titi, tana magana a hankali tana nuni da yatsa don in gane.

"Wannan banki ne a da," in ji ta. "Wannan shagon mahauci ne a da. Can tashar jirgi ce. Yanzu alkama kaɗai yake ɗauka, mutum ko zai mutu a tsaye ba zai tsaya masa ba."

Ƙofofi a rufe, an buga musu katako. A gaban asibiti ne kawai ta ɗaga kai. Ɗan ƙaramin gini ne na jan bulo mai ɗaki biyar. Ta ce iyayensu da kakanninsu ne suka gina shi da hannunsu bayan yaƙin duniya, maza suna ɗora bulo, mata suna dafa musu abinci, ba wanda ya zo daga birni ya taimake su. A ciki aka haife ta, a ciki ta haifi 'ya'yanta uku. Ta buɗe mini ɗakin haihuwa. Gadon yana nan, an jera kwalaye a kansa. Shekara guda kafin zuwanmu takarda ta zo daga birni cewa an rufe ɗakin, mota ta biyo bayan takardar ta kwashe kayan aiki, har da kwalbar da ake sa bakwaini. Mai ciki sai ta tafi babban gari, tafiyar awa uku.

Joan ta dubi cikina, a lokacin babu komai, ta yi dariya ta ce, "Ke dai ba ki da damuwa. Da likita kike kwana."

Ni ma na yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci.

A shekara ta biyu ruwa ya ɗauke gaba ɗaya. Lokacin shuka ya zo ya wuce. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka zuba iri, alkama ta fito tsawon yatsa ta tsaya, ta ƙone a wurin. Kowane gida yana da babban tankin kwano da yake tarar ruwan sama daga indararo, mai gaɓoɓi kamar rake. Joan ta koya mini yadda ake jin ruwansa. Kullum da safe zan fita in ƙwanƙwasa da bayan yatsa daga sama zuwa ƙasa. Inda ya yi kuwwa babu komai, inda ya yi dum akwai ruwa. Da farko a tsaye nake yi. Daga baya sai na sunkuya. Daga baya sai na durƙusa.

Wannan na sha ne da girki. Na wanka da wanki tanka ce take kawowa daga wata rijiyar burtsatse, ruwa mai gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa a cikinsa. A cikin baho nake tsayawa in yi wanka da rabin bokiti. Ruwan da ya taru in wanke kaya da shi, wanda ya rage in goge ƙasa, na ƙarshe in zuba wa tumatir uku da na shuka a bayan kicin. Alwala da kofi ɗaya, a kan kwano, kada ɗigo ya ɓace. Duk da haka tumatirin bai yi ba.

Ranar Asabar kowa yana zauren taron gari. Manyan motoci kan kawo harawa daga wasu jihohi, maza su sauke su raba, mata mu yi shayi. Ni fanke nake soyawa, don fulawa da yis kaɗai nake samu da suka yi kama da na gida. Len zai ci bakwai yana tsaye, ya goge hannu a wando ya ce, "Likita, in ka gaji da matar nan ka faɗa mini, ina da ɗaki." Joan ta kai masa duka da tawul. Ana dariya, amma ido kowa ja. Tumaki sun rame har ulu ya rataya a jikinsu kamar tsumma. Wata rana Len ya haƙa dogon rami a gonarsa. Tun hantsi nake jin ƙarar bindiga har azahar, yana harbe tumakinsa. Da yamma ya zo asibiti ya ce hannunsa ne yake ciwo. Likita ya rufe ƙofa, suka yi awa biyu a ciki, ba a sa wa hannun ko man zafi ba.

A cikin wannan hali na samu ciki. Yana wata huɗu aka bugo waya daga Katsina cewa Baba ya rasu. Har an kai shi an dawo kafin a same mu. Na zauna a kan tabarma kwana uku ina karɓar gaisuwar mutum ɗaya, mijina.

Sai azumi ya kama, cikina wata bakwai. A can ƙarshen shekara shi ne tsakiyar zafi. Rana ta fito da wuri, ta ƙi faɗuwa. Iska in ta buso kamar an buɗe tanda. Ƙudaje suna bin ido da baki suna neman danshi. Mu biyu ne Musulmi a faɗin garin. Ba kiran salla, ba mai aiko da kunu, ba mai aika wa. Ganin wata ma ta waya muka ji. Sahur burodi da shayi. Buɗa-baki dabino uku cikin wanda muka yi ta adanawa, da shinkafa, da naman wani ramammen rago da Len ya bar Likita ya yanka da hannunsa.

Likita ya ce kada in yi.

"Ke, Allah ya ɗauke miki. Ki sha, kya rama."

Na ce, "Ba zan sha ba."

"Ni likita ne, ina faɗa miki zafin nan ba irin na gida ba ne."

"A asibiti kake likita. Azumin nan shi kaɗai ya rage mini da nake yi tare da mutanen gidanmu. Ka bar ni."

Ya bar ni. Bai kamata ya bar ni ba, ban kamata in yi taurin kai ba. Na yi goma sha ɗaya. Leɓena ya tsage, fitsarina ya koma kamar shayi, ban faɗa masa ba.

Ranar sha biyu ga wata, da hantsi, mara ta murɗa. Na fita in ƙwanƙwasa tanki na kasa miƙewa. A daidai lokacin sararin yamma ya yi ja, wani bango na ƙura ya taso tun daga ƙasa har sama. Ƙasar gonakin mutane ce iska ta kwaso, gonakin da ba abin da ya rage ya riƙe su. Kafin Joan ta kai ni asibiti, tafiyar da ba ta fi gida shida ba, sai da ta kunna fitilar mota. Tsakar rana ta koma kamar bayan magariba. Ƙasa a haƙori, ƙasa a cikin kunne.

Ba maganar kama hanyar awa uku, ba a ganin gaban mota. Nas ɗin asibitin ta bugo wa masu jirgin ɗaukar marasa lafiya. Suka ce ba su da halin sauka sai ƙura ta lafa. Likita da Joan suka sauke kwalayen nan daga kan gadon haihuwa, suka kakkaɓe shi, suka ɗora ni.

Da azahar ya zo. Namiji. Bai fi tafin hannun ubansa biyu ba. Ya yi ɗan kuka kamar na ɗan kyanwa. Likita ya ɗauke shi, ya kai bakinsa kunnen dama ya yi kiran salla, ya koma na hagu ya yi iƙama. Sannan ya sake sunkuyawa ya raɗa masa suna. Na ga leɓensa ya motsa. Ban ji ba. Ban kasa kunne ba ma, na juya fuskata bango.

Kowa ya san yadda muke. Ɗan fari ne. Uwa ba ta zaƙewa a kansa, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar me aka sa masa, sai ranar suna ta ji daga bakin jama'a. Haka na ga an yi a gidanmu, haka na yi, a wani ɗaki a ƙarshen duniya inda babu ko mutum ɗaya da zan ji wa kunya. Ba uwar miji, ba gwaggo, ba kowa. Bango na ji wa kunya. Na ce a raina, saura kwana bakwai in ji.

Huhunsa bai ƙosa ba. Kwalba yake buƙata da injin numfashi, kuma wurin da kwalbar take a da yana nan a kusurwa, har da shatin ƙafafunta a ƙasa. Likita ya sa masa wata 'yar roba a fuska yana matsawa da hannu. Yana azumi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Nas ta ce ya ba ta ya huta, bai ko dube ta ba. Awa huɗu yana matsawa. Da la'asar sakaliya na ji ƙarar robar ta tsaya.

Jirgi ya sauka washegari da safe, sama tas kamar an wanke. Suka shigo da gudu suna tura kwalba sabuwa fil. Ba laifinsu ba ne, na sani. Amma wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya sa hannu a takardar rufe ɗakin nan, ban san shi ba, ban yafe masa ba. Bai taɓa ƙwanƙwasa tanki ba. Bai san tsawon awa uku ba.

Takardun hukuma suka ci kwana biyu kafin a ba mu gawa. Ruwan wanka Joan ce ta kawo, jarka ɗaya daga gindin tankinta, ta ce ba za a wanke yaron nan da ruwan gishiri ba. Likkafani daga farar shaddar da Likita ya ajiye don Salla aka yanka. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, diga ta ƙi shiga, sai da Len ya kawo motar haƙa.

A kusurwar maƙabartar garin akwai wasu tsofaffin kaburbura biyu da suka karkace, ba su bi layin sauran ba. Joan ta taɓa ba ni labarinsu. Kafin layin dogo ya zo, wasu Musulmi ne masu raƙuma suke kawo wa garin kaya, su fita da ulu. Biyu suka mutu a nan. Ba wanda ya riƙe sunansu. Kusa da su Likita ya zaɓa. Shi kaɗai ya yi sallar, Len yana tsaye a bayansa da hula a hannu. Wannan ma daga bakin Joan na ji. Ni ban je ba. Mace ba ta bin gawa.

Ya dawo jar ƙasa har gwiwa. Ya yi alwala da kofi ɗaya, ya jira rana ta faɗi, ya sa dabino a baki. Ya ce, "An kai shi."

Na ce, "Allah ya ba mu haƙuri."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kansa ke nan.

Da a gida ne, da an ɗora garwa safe da yamma ana yi mini wankan jego da ganyen darbejiya har kwana arba'in. Na yi ƙoƙarin yi wa Joan bayani. Ta riƙa zuwa da butar shayi, ta tafasa, ta jiƙa tawul ta gasa mini baya da ciki. Nono ya kawo, ba mai sha. Ita ta ɗaure mini ƙirji da zane. Wata rana tana cikin gashin ta ce, "Me kuka sa masa, 'yata?"

Na dubi ƙasa. Ta ɗauka Turancin ne ban gane ba. Ba ta sake tambaya ba.

Ruwa bai sauko ba sai bayan wata biyar. Mutane suka fito titi suna tsaye a cikinsa, tsofaffi suna kuka, Len yana rawa da karensa. Tanki yana cika ina jin muryarsa tana canzawa. Na rufe taga. Abin da nake gani kawai shi ne ruwa yana zuba a kan wani tudun ƙasa da ban san kamanninsa ba. Ba mu ƙara shekara ba muka bar garin. Ranar tafiya motarmu ta wuce ta gaban maƙabartar. Likita ya rage gudu. Na kalli ɗaya gefen. Ya ƙara wuta.

Muka zo Birmingham, ya samu aikin GP, wato likitan unguwa, aka haifi Hanifa, ita kaɗai Allah ya ƙara ba mu.

Za a ce me ya hana ni tambaya. Da farko kunya ce. Daga baya tsoro ne. Ina ganin in na buɗe baki zai ce, ba na faɗa miki ki sha ba? Bai taɓa faɗa ba, amma kullum ina jira. Duk ranar sha biyu ga azumi yakan dawo daga aiki ya zauna a mota a ƙofar gida ya daɗe bai shigo ba. Ina ganinsa ta labule. Ya shigo, in ce sannu da zuwa, ya ce yauwa, mu sha ruwa. Na yi ta cewa baɗi zan tambaya. Mutumin da yake zaunar da Turawa ya sa su faɗi abin da ke cinsu a rai, ya kasa faɗa wa matarsa kalma ɗaya. Na san ba a fushi da mamaci. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ina fushi da shi. Kabarinsa a nan yana da lamba, yana da allo mai sunansa da na ubansa. Shi ya tafi da na ɗana a baki.

Asabar ɗin da ta wuce Hanifa ta zo daga Manchester. A Withington take zaune, tana aiki a wani kantin magani. Ta same ni a bakin taga ina kallon busasshiyar ciyawar nan. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta. Na ce mata tana da wa.

Ta ajiye jaka a hankali. Hausarta a karye take, in ranta ya ɓaci Turanci yake ƙwace mata.

"Mum, duk rayuwata ina ce wa mutane ni kaɗai ce. Me ye sunansa?"

"Ban sani ba."

"Kin manta?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ba ki tambayi Daddy ba? Shekara nawa kuna gado ɗaya!"

"Ki iya bakinki, Hanifa."

"Ai iya bakin ne ya kawo mu nan, Mum."

Na ɗaga hannu zan nuna ta, na sauke. Gaskiya ta faɗa.

Ta zazzage akwatin takardunsa a tsakar falo. Takardun makaranta, na aiki, na gida, har rasit ɗin firjin da muka saya a Mallawindi. Na yaron babu ko ɗaya. Ta buɗe kwamfuta ta nemo ofishin da yake ba da takardar haihuwa a can. Ta cika sunana, ta cika nasa, ta cika gari. Sai wani gurbi ya yi ja.

"Ba zai bar ni in wuce ba sai na sa sunan yaron."

"To ai shi muke nema."

"Na sani, Mum. Form ne, ba ya ji."

Sai ta rubuta sunan garin kawai. Wani ɗan shafi ya fito, tarihin Mallawindi da abubuwan da ake samu a cikinsa. Ta riƙa karantawa tana juya mini. Shekarar da layin dogo ya iso. Masu raƙuma, layi ɗaya. Makaranta an rufe, yara suna bin bas zuwa wani gari. Wasiƙu sau biyu a mako. Zauren taro yana nan. 'Yan kwana-kwana na sa-kai suna nan. Asibiti, wai an rufe shi saboda ƙarancin masu amfani da shi.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ƙarancin masu amfani. Na tuna shatin ƙafafun kwalba a ƙasa. Sun kwashe abin da mutum zai yi amfani da shi, sannan sun rubuta cewa ba a amfani. Na ce ta rufe abin nan.

"Tsaya, Mum. Akwai kwamitin maƙabarta. Ga lambar waya. Sakatariya wata Joan."

Da safe muka buga, lokacin can yamma ta yi. Hanifa ta sa wayar a kan tebur yadda duk za mu ji. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma ita ce. Hanifa ta fara bayani, Joan ta katse ta.

"Mai fanke ce? Tana kusa? 'Yata, kina ji na?"

Na ce ina ji. Ta ce Len ya rasu shekara shida ke nan, har ya mutu yana maganar fanken nan. Hanifa ta faɗa mata rasuwar Likita. Joan ta ce, "Da bakinsa muka yi magana a farkon shekarar nan. Duk shekara yana bugowa ai. Ranar ce take ta matsowa baya, ya ce mini da wata kuke lissafi. Daga cikin mota yake kira, a nan dare ya raba, ina jin motoci suna wucewa. Ya tambaye ni ko shingen maƙabartar yana nan, ko tumaki ba su shiga ba."

Na dubi taga, daidai inda yake ajiye motar.

Hanifa ta ce, "Sunan muke nema."

"Bari in ɗauko littafin maƙabarta."

Muka ji takunta, muka ji ƙarar ƙofa, muka ji ana buɗe takardu. Ta ce Likita ne ya rubuta sunan da hannunsa, don ita ba za ta iya ba. Ta ce ita ta kewaye wurin da duwatsu ta shafa musu farin fenti, duk shekara tana sabuntawa.

"Sau nawa na ce masa mu sa ɗan allo da suna. Ga masu raƙuman nan kusa da shi ba wanda ya san su, ban so yaron ya zama na uku. Kullum amsarsa ɗaya. Ya ce shi ya kawo ki garin, shi ya kasa riƙe yaron, ba zai ɗora miki sunan ba sai ranar da kika tambaya da kanki."

Ashe shi ma jira yake. Ni a bayan labule, shi a cikin mota, taku goma tsakaninmu. Wallahi da yana gabana a lokacin, da na kama rigarsa na jijjiga shi.

Joan ta fara karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya, Hanifa tana rubutawa a bayan ambulan ɗin wasiƙar hukumar gari. Tun ba a kai ƙarshe ba na gane. Hanifa ta ɗago kai.

"Mum, wannan ba sunan kaka ba ne?"

Sunan Baba ne. Baban da ban ga gawarsa ba. Likita ya mayar mini da shi tun a ranar, a cikin kunnen yaro, ya ajiye kyautar shekara ashirin da 'yan kai bai miƙo ba. Da yaron ya rayu Abba za mu riƙa ce masa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun da na zo duniya, ga shi yanzu ya zama na ɗan fari kuma.

Joan ta ce, "To, in sa a yi allon?"

Na ce da Turancina, "A yi."

Ta ce bari ta karanta mini in ji ko daidai ne. Ta faɗe shi irin nasu, ta tauna shi, ta ja inda ba a ja. Bai yi kama da sunan kowa ba. Haka za ta riƙa faɗa a kan kabarin, haka duk garin za su koya. Hanifa ta buɗe baki za ta gyara mata, na dafe hannunta. Na jawo wayar gabana.

Na ce, "Ba haka ba ne, Joan. Haruna."

Ta gwada, bai yi ba.

"Haruna," na sake cewa, da ƙarfi wannan karon, har maƙwabcina ya ɗago kai daga kan furanninsa.

Sai a na huɗu ta faɗa daidai.